Haɗa Wayar Hannu da Allon Bainar Jama'a Wajen Isar da Keɓantattun Bayanai

Tsakure

Allunan lantarki sun yawaita a filayen jiragen sama da tashoshin jiragen ƙasa da asibitoci da bankuna da harabar jami'o'i, sai dai mafi yawansu saƙo ɗaya suke nuna wa kowa da kowa. Ita kuwa wayar hannu ta san mai ita, amma fuskarta ƙarama ce, kuma mutum ɗaya kawai take yi wa hidima. Wannan muƙala ta yi bayanin yadda masana kimiyyar kwamfuta suka yi ƙoƙarin haɗa na'urorin biyu tun daga shekarar 1991, domin kowane mutum ya samu bayanin da ya shafe shi a inda yake tsaye. An bi tarihin wannan tunani, an fayyace hanyoyin da waya ke bi wajen magana da allo, sannan an duba haɗarin da ke tattare da hakan ga sirrin mutane. Muƙalar ta nuna cewa tambaya mafi muhimmanci ita ce: wa ke da ikon yanke abin da zai fito a jikin bango da abin da zai tsaya a tafin hannu?

Fitilun Kalmomi: wayar hannu, allon bainar jama'a, keɓantattun bayanai, sirri, lambar QR

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban allon da ke nuna lokutan tashin jirage ya san yadda ido ke wahala. Layuka da dama ne a jere, shi kuwa matafiyi guda ɗaya yake nema. Idan allon ya juya shafi kafin ya gano nasa, sai ya jira ya sake zagayowa. Idan kuma an yi rubutun da harshen da bai iya ba, to sai ya nemi mai fassara. Alhali a aljihunsa akwai wayar da ta san sunansa da lambar tikitinsa da harshen da yake karantawa. Na'urori biyu ne a wuri guda, kowace tana riƙe da rabin abin da matafiyin yake bukata, amma ba sa magana da juna.

Wannan giɓi ne ya haifar da wani reshe na bincike a fagen hulɗar ɗan'adam da kwamfuta, wato haɗa na'urar da mutum ke yawo da ita da allon da aka kafa domin jama'a. A wannan muƙala, “allon bainar jama'a” na nufin duk wani babban allon lantarki da aka girka a wurin da mutane ke kai-komo, wanda ba mallakar mai kallonsa ba ne. “Keɓantattun bayanai” kuwa su ne waɗanda aka tace domin mutum guda, gwargwadon tafiyarsa ko harshensa ko bukatarsa. Manufar muƙalar ita ce ta bayyana yadda haɗin yake aiki, da abin da ake samu da shi, da kuma abin da mutum ke iya rasawa idan an yi shi ba bisa ƙa'ida ba.

2.0 Ƙarfi da Raunin Kowace Na'ura

Allon bainar jama'a yana da girma, ana hango shi daga nesa, kuma mutane da yawa na iya kallonsa a lokaci guda. Ba ya bukatar mai kallo ya sayi komai. Yana kafe ne a wuri ɗaya, saboda haka abin da yake faɗa ya shafi wurin: wannan ƙofa, wannan layi, wannan ɗaki. Rauninsa shi ne bai san wanda ke kallonsa ba. A shekarar 2008 Elaine Huang da abokan aikinta sun lura da yadda mutane ke mu'amala da irin waɗannan alluna a wasu birane uku na Turai, suka tarar cewa yawancin masu wucewa ba sa kallonsu, waɗanda suka kalla ma ɗan leƙe ne na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Shekara guda bayan haka Jörg Müller da abokan aikinsa suka kira wannan hali da sunan da za a iya fassarawa da “makantar allo”: idan mutum ya saba ganin talla a jikin allo, sai ya daina tsammanin samun abin amfani a wurin, idonsa ya riƙa tsallake shi.

Wayar hannu kishiyar haka take. Tana tare da mai ita dare da rana, ta san zaɓinsa, kuma shi kaɗai ke kallon fuskarta. Sai dai fuskar ba ta da faɗin da za ta nuna cikakkiyar taswirar babban gini, ko jadawalin da mutum biyar za su duba tare. Tana bukatar caji da data, kuma sai mutum ya san manhajar da zai buɗe kafin ya samu abin da yake nema. Ke nan raunin kowace na'ura shi ne ƙarfin ɗayar, kuma daga nan tunanin haɗa su ya samo asali.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A watan Satumba na 1991, Mark Weiser na cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Kalifoniya a Amurka ya wallafa wata muƙala a mujallar Scientific American a kan makomar kwamfuta a ƙarni na 21. Ya yi hasashen cewa kwamfuta za ta bar kan tebur ta watsu cikin muhalli a girma uku: ƙarama mai kamar tafin hannu, matsakaiciya mai girman littafi, da babba mai girman allon aji. Abin lura a hasashen nasa shi ne ya ɗauki ukun a matsayin ƙungiya guda mai aiki tare.

A 1997 Jun Rekimoto na ɗakin binciken kamfanin Sony a Japan ya nuna wata dabara da mutum zai taɓa hoto ko rubutu a ƙaramar na'ura da alƙalamin lantarki, sannan ya taɓa babban allo, abin ya koma can kamar an ɗauke shi da hannu. A 1999 kuma Saul Greenberg da abokan aikinsa a Jami'ar Calgary ta Kanada suka gina wani tsari da mahalarta taro ke rubuta bayanansu a ƙananan na'urorin aljihu, kowa ya zaɓi wanda zai fitar a babban allo da wanda zai riƙe wa kansa. Tun a wannan mataki aka gane cewa ketare iyaka tsakanin sirri da bainar jama'a shi ne jigon al'amarin.

Bayan da wayoyi masu kyamara da Bluetooth suka yaɗu, sai gwaje-gwajen suka bar ɗakin bincike suka fito waje. A Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, Gary Marsden da Andrew Maunder, tare da Richard Harper na kamfanin Microsoft, sun samar da tsarin SnapAndGrab wajen shekarar 2007. Mutum zai ɗauki hoton abin da ya ba shi sha'awa a jikin allo, ya tura hoton ta Bluetooth, allon ya gane shi, ya mayar masa da cikakken bayani na rubutu ko murya ko bidiyo. Ba a bukatar girka manhaja, ba a kuma kashe kuɗin data. A Jami'ar Lancaster ta Ingila, Nigel Davies da abokan aikinsa sun ruwaito a 2009 yadda ɗalibai ke sauya sunan Bluetooth na wayoyinsu zuwa wani gajeren umarni, allon harabar jami'a ya karanta sunan, ya nuna musu taswira ko hotunan da suka nema.

4.0 Hanyoyin da Waya ke Magana da Allo

Kafin allo ya san wanda ke gabansa, dole a samu hanyar da za ta haɗa shi da wayar mutumin. Hanyoyi uku ne suka fi shahara, kuma sun bambanta ta fuskar nisa da kuma ta fuskar wanda ke fara magana.

4.1 Lambar QR

Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro wannan lamba mai murabba'i a 1994 domin bin diddigin kayan gyaran mota. Lamba guda tana iya ɗaukar haruffa da alƙaluma sama da 4,000. Allo zai nuna lambar, mutum ya haska ta da kyamarar wayarsa, wayar ta buɗe wani adireshin intanet. Idan lambar tana sauyawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, babbar kwamfutar da ke kula da tsarin za ta tabbatar cewa mai wayar yana gaban wannan allo a daidai wannan lokaci. Masu amfani da WhatsApp Web, wanda aka fara a 2015, sun san wannan dabara: da haska lamba ɗaya waya ke ba wa kwamfuta izinin nuna saƙonnin mai ita. Alfanun wannan hanya shi ne babu abin da ke faruwa sai mutum ya ɗaga wayarsa da kansa.

4.2 Fasahar NFC

Wannan fasaha tana aiki ne idan na'urori biyu sun kusanci juna da 'yan santimitoci kaɗan, kamar yadda ake ɗora katin banki a kan na'urar biyan kuɗi. Kamfanonin Nokia da Philips da Sony ne suka kafa ƙungiyar da ke kula da ƙa'idojinta a 2004. Gajartar zangonta ita ce kariyarta, domin da wuya a karanta wayar mutum ta wannan hanya ba da saninsa ba. Sai dai tana tilasta masa zuwa jikin allon, kuma mutum ɗaya ne ke iya amfani da ita a lokaci guda.

4.3 Bluetooth da Wi-Fi

Waɗannan suna kaiwa mita goma ko fiye, kuma suna aiki ko da wayar tana cikin aljihu. A 2013 kamfanin Apple ya fito da iBeacon, tsarin da ƙananan na'urori ke watsa wata lamba ta Bluetooth, manhajar da ke cikin waya ta ji lambar ta gane kusa da me take. Wannan hanya ita ce mafi sauƙi ga mai amfani, tunda ba sai ya yi komai ba. Ita ce kuma mafi haɗari, saboda irin wannan sauƙi ne ke ba da damar a lura da mutum alhali bai sani ba.

5.0 A Ina Bayanin Zai Bayyana?

Idan haɗin ya samu, sai tambaya ta biyu ta taso: a wace fuska za a nuna keɓantaccen bayanin? Akwai amsoshi uku.

Ta farko ita ce bayani ya sauko daga allo zuwa waya. Allon zai ci gaba da nuna abin da ya shafi kowa, kamar taswirar asibiti ko jerin jirage, wanda ke son ƙarin bayani ya karɓa a wayarsa ya tafi da shi. Tsarin Cape Town misali ne na wannan. Sirri ya tsira, domin sunan mutum bai hau bango ba.

Ta biyu ita ce bayani ya hau daga waya zuwa allo. A nan waya ce ke gaya wa allon harshen mai ita ko inda za shi, allon ya sauya abin da yake nunawa. Wannan yana amfanar mai raunin gani da ke bukatar manyan haruffa, da iyalin da ke son duba taswira tare. Amma yana kawo matsaloli biyu. Idan mutum goma suna gaban allo ɗaya, bukatar wa za a fara biya? Sannan duk abin da ya fito, na kusa ma ya gani.

Ta uku ita ce allo guda ya nuna wa kowa abu daban. A ƙarshen watan Yuni na 2022 kamfanin jiragen sama na Delta, tare da kamfanin Misapplied Sciences, ya buɗe wani allo mai suna Parallel Reality a filin jirgin sama na Detroit a Amurka. A allo na yau da kullum kowane ɗigon haske launi ɗaya yake turawa ko'ina. A wannan kuwa kowane ɗigo yana iya tura launuka daban-daban zuwa kusurwoyi daban-daban. Matafiyin da ya amince zai haska takardar shiga jirginsa, wadda da yawa ke riƙe da ita a waya, sai na'urorin da ke sama su riƙa bin inda yake tsaye, allon ya nuna masa sunansa da ƙofar jirginsa da lokacin tashi. Kamfanin ya ce mutum 100 na iya kallon allon a lokaci guda, kowa yana ganin nasa. Wannan ya rage matsalar leƙe, amma da sharaɗin cewa sai an bi motsin mutum taki bayan taki muddin yana wurin.

6.0 Matsalar Sirri

Haɗarin farko shi ne idon maƙwabci. Abin da ake gani ƙarami ne, kamar sunan garin da mutum zai je, yana iya zama babba ga matar da ke gudun mai cutar da ita, ko ɗan kasuwar da ba ya so a san tafiyarsa. A asibiti lamarin ya fi tsanani. Idan allo ya nuna sunan majiyyaci tare da sashen da zai shiga, ya riga ya faɗa wa ɗakin jira irin ciwon da ke damunsa. Hatta tallan da aka tace domin mutum yana iya tona asirinsa, domin masu kallo za su fahimci dalilin da ya sa tallan ya sauya da isowarsa.

Haɗari na biyu shi ne bibiya. A da, kowace waya tana watsa lambar shaidarta ta musamman yayin neman Wi-Fi. A 2013 aka gano cewa kamfanin Renew, mai kwandunan shara masu allon talla a tsakiyar birnin Landan, ya saka wa wasu daga cikinsu na'urorin da ke tattara waɗannan lambobi daga wayoyin masu wucewa, ba tare da an tambaye su ba. A watan Agusta na wannan shekara hukumar da ke kula da yankin ta nemi a dakatar da aikin. A 2014 kamfanin Apple ya sa wayoyinsa su riƙa watsa lambar bogi mai sauyawa yayin neman Wi-Fi, daga baya wayoyin Android ma suka bi sahu.

Haɗari na uku shi ne yaudara. Ido ba ya iya bambanta lambar QR ta gaskiya da ta jabu. A watan Janairu na 2022 hukumar FBI ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa 'yan damfara suna sauya irin waɗannan lambobi domin kai mutane shafukan satar bayanan banki. Lambar da allo ke haskawa ta fi ta takarda wuyar sauyawa, amma ana iya manna wata a gefenta.

Masu bincike na Lancaster sun ba da wata mafita a tsarin da suka kira Tacita, wanda suka bayyana a 2014. A tsarin, allo ba ya sauraron wayoyi. Waya ce ke riƙe da taswirar allunan da ke yankin, idan ta ga mai ita ya kusanci ɗaya, sai ta sanar da wata manhaja da shi da kansa ya amince da ita, manhajar ta nemi allon ya nuna wani abu, misali lokacin motar da yake jira. Mai allon yana samun buƙatar ne kawai, ba ya samun tarihin yawon mutumin. Doka ma ta karkata ga wannan fahimta. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta wajabta a samu halastaccen dalili kafin a sarrafa bayanan mutum, a kuma taƙaita tattarawa ga abin da ake bukata. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki, tana ɗauke da irin waɗannan ƙa'idoji, saboda haka duk jami'a ko banki ko asibitin da zai kafa irin wannan allo a ƙasar ya shiga ƙarƙashinta.

7.0 Ƙa'idojin Tsari Mai Inganci

Daga abubuwan da suka gabata ana iya fitar da ƙa'idoji huɗu. Ta farko, mutum ne zai fara magana, ta hanyar haska lamba ko taɓa allo ko ba da izini a fili, kuma ya iya janyewa a duk lokacin da ya ga dama. Ta biyu, a raba bayanai gwargwadon nauyinsu: abin da ba zai cutar ba idan baƙo ya gani ya hau allo, abin da ya shafi lafiya ko kuɗi ko sakamakon jarrabawa ya sauka a waya. A ɗakin jiran asibiti, alal misali, allo ya nuna lambar layi kawai, waya ta faɗi ɗakin da za a shiga. Haka nan a jami'a, allo ya sanar cewa sakamako ya fito, kowane ɗalibi ya ga makinsa a tafin hannunsa, maimakon cincirindo a gaban allon sanarwa inda kowa ke karanta na kowa. Ta uku, allon ya manta da mutum da zarar ya bar wurin.

Ƙa'ida ta huɗu ta shafi adalci. Ba kowa ke da wayar komai-da-ruwanka ba, mai ita ma cajinta na iya ƙarewa ko datarsa ta yanke. Tsoho da wanda bai iya karatu ba da mai ƙaramar waya duk suna da haƙƙi a kan allon da aka kafa domin jama'a. Idan aka kwashe muhimman bayanai daga allo aka ɓoye su a bayan lambar QR, an ƙwace wa waɗannan mutane abin da suke samu kyauta a da. Don haka dole allon ya kasance mai amfani ko da babu waya, keɓantaccen bayani ya zama ƙari a kan hakan. Darasin Cape Town yana da muhimmanci a nan, domin an gina tsarin ne a kan wayoyin da mutane suke da su a lokacin. A wuraren da ƙananan wayoyi suka fi yawa, saƙon tes da gajerun lambobin da ake dannawa wajen hulɗa da banki za su iya yin aikin da manhaja ke yi a wasu wurare.

8.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta nuna cewa haɗa wayar hannu da allon bainar jama'a tunani ne da ya haura shekara talatin, daga hasashen Weiser na 1991 zuwa allon Detroit na 2022. An ga cewa hanyoyin haɗawa sun bambanta wajen sauƙi da wajen kariya, kuma galibi wadda ta fi sauƙi ita ce ta fi buɗe ƙofar bibiya. An kuma ga cewa wurin da bayani ya bayyana, a bango ko a hannu, shi ke tantance ko an taimaki mutum ko an fallasa shi. Shawarar muƙalar ga masu kafa irin waɗannan alluna ita ce su bar wa mai waya ikon fara magana da ikon yin shiru, su taƙaita abin da suke tattarawa, kuma su tabbatar cewa wanda ya zo hannu rabbana bai koma ba tare da bayanin da ya zo nema ba.